Babi na Shida: Faɗa wa Kwastan Abin da Ke Lalita

Wanda ya rayu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a shekarun nan ya san ba a faɗin abin da ke aljihu. Mutum zai sayar da shanu uku a karar Sheme, ya hau bayan babur da tsohuwar rigarsa ya koma gida, ko mai ɗakinsa ba za ta ji nawa aka sallama ba sai an kwana biyu. Manomin da ya kai masara Ɗandume, idan ka tare shi ka ce yaya kasuwa, abin da zai ce maka shi ne, “To, an gode Allah, ba ta yi daɗi ba.” Kowa a yankin ya san gidan da aka shiga da dare kwana ɗaya bayan an sayar da amfanin gona. Kowa kuma ya san 'yan bindiga ba duba suke yi ba, wani ne a cikin gari yake kai musu labari. Shi ya sa rufe baki a kan kuɗi ya zama wani ɓangare na tsaron rai, kuma ni ban ga laifin kowa a kan haka ba.

Wani abu kuma ya ƙaru a kai. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14. Da Satumba ta kama aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aka yi watanni babu kira, babu taransfa, babu alat, masu POS suka naɗe lemarsu ko suka koma inda ake samun sabis. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, mutum yana da miliyoyi a banki amma ya kwana a layi a Funtuwa ko Malumfashi don a ba shi 'yan dubbai. Abin da jama'a suka tsinta daga waɗannan shekaru a fili yake: kuɗinka shi ne wanda ke hannunka, kuma kada kowa ya sani.

To wannan mutumin ne, da wannan tarbiyyar, zai ɗauki hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina, ya wuce Jibiya ya nufi Maraɗi sarin dabbobi, ko ya je filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Umara ko Dubai. A can zai tarar da doka mai neman ya yi abin da rayuwa ta hana shi, wato ya buɗe baki ya faɗi adadin kuɗin da ke jikinsa, ya kuma rubuta ya sa hannu.

Dokar ba ta da tsawo. Tana cikin Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, sashe na 3. Duk wanda zai fita daga Najeriya ko zai shigo da tsabar kuɗi, ko takardar da ake iya mayarwa kuɗi kamar cek, da suka haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsu a kowane irin kuɗi, wajibi ne ya bayyana wa hukumar kwastan. Wanda ya ƙi bayyanawa, ko ya faɗi adadin da ba shi ne ba, idan kotu ta same shi da laifi za a ƙwace kuɗin da bai bayyana ba, ko a ɗaure shi aƙalla shekara biyu, ko a haɗa masa duka biyun.

Yawancin mutane a nan suke kuskuren fahimta. Ɗaukar kuɗi da yawa zuwa wata ƙasa shi kansa ba shi ne laifin ba. Bayyanawa ba haraji ba ce, babu ko kwabo da doka ta ce a cire daga kuɗin wanda ya cike fom. Za a iya tambayarsa ina ya samo su da abin da zai yi da su, a ƙirga a gabansa, a buga hatimi, ya wuce da abinsa. Laifin yana cikin shirun ne. Kuɗin halak malak, wanda aka tara da noman damina biyar, yana iya zama na gwamnati cikin 'yan makonni saboda kalma guda da aka faɗa a gaban tebur:

“Alhaji, akwai kuɗin da za ka bayyana?”

“A'a, ranka ya daɗe, ɗan guzuri ne kawai.”

Dattijon da ya ba da wannan amsa bai ɗauki kansa maƙaryaci ba. Haka yake amsa wa maƙwabcinsa, haka yake amsa wa surukinsa, kunya da kawaici ne suka hana shi ya tsaya cikin mutane yana lissafa dukiya. Amma idan aka buɗe jakarsa aka tarar da dala 14,000, wannan amsar ita ce za a karanta a gaban alƙali.

Tsoron da dattawanmu suke yi wa kuɗin waje yana da asali. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, ta rufe kan iyakokin ƙasa, ba a sake buɗe su ba sai 1986. A wancan zamani riƙe kuɗin waje ba da izini ba babban laifi ne. A shekarar aka kama mawaƙi Fela Kuti a filin jirgin Legas da fam 1,600 na Ingila, aka yanke masa shekara biyar, bai fito ba sai 1986. A 1995 aka sassauta dokokin canji, aka bar mutane su riƙe dala, amma tsoron bai bar zukata ba. Har yau akwai wanda yake ɗinke dala a cikin ƙugun wando yana ganin idan jami'i ya gan ta shi ke nan ta tafi. Ɗinkin nan kuwa shi ne abin da zai fara sa a yi masa kallon mai laifi.

Nawa ne dala 10,000 a hannun ɗan kasuwarmu? A 2025, da dala take kaiwa da komowa a wajen naira 1,500, ta kama kusan naira miliyan 15. Ga ma'aikacin gwamnati wannan dukiya ce, ga mai sarin shanu kuwa ba ta cika tirela ba, tun da sa mai kyau guda ya haura miliyan. Babbar takardarmu ita ce ta naira 1,000, saboda haka miliyan 15 bandir 150 ne, nauyin da ya wuce kilo goma, sai an nemo Gana-mas-go. Idan aka kai su Wapa a Fagge aka canza, sai su koma bandir ɗaya tak na 'yan dala ɗari-ɗari, wanda zai shige aljihun gaba na kaftani ba wanda ya lura. Fataken da suka bi ta Katsina zuwa Gwanja ba su san wannan matsala ba, domin kuɗinsu wuri ne, dubu ashirin a keso guda, sai an ɗora wa jaki, kuma mai karɓar kuɗin fito yana hango kaya tun daga nesa. Yanzu dukiyar ayari guda tana shiga ambulan. Daga nan ne gwamnatoci suka koma tambayar matafiyi da bakinsa, suka kuma tsananta hukunci a kan wanda ya ɓoye.

Kuma ana hukuncin. A Disambar 2012 aka tsare ɗan wani gwamna mai ci a lokacin a filin jirgin Kano zai tafi Masar, ya bayyana dala 10,000 alhali yana ɗauke da 50,000. Babbar Kotun Tarayya a Kano ta same shi da laifi a 2013, ta ƙwace kashi 25 cikin 100 na abin da ya ɓoye, ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli hukuncin bai sauya ba. Wannan kashi ɗaya cikin huɗu tanadin tsohuwar dokar 2011 ne. Dokar yanzu ba ta san kashi ba, abin da aka ɓoye gaba ɗaya take ɗauka. A Satumbar 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka riƙe dala miliyan 9.3 da aka sauka da su a filin jirgin Lanseria cikin jirgin da ya taso daga Najeriya, duk da an ce na sayen makamai ne don gwamnati. Idan kuɗin da aka ce na gwamnati ne bai tsira a ƙasar wasu ba, ina ga na mai sayar da barkono?

Shari'ar da ta fi kusa da mu ita ce ta Maris ɗin 2025. Jami'an kwastan a filin jirgin Kano suka haska kayan wata fasinja da ta sauka daga Saudiyya, suka tarar da dala 1,154,900 da riyal 135,900 a cikin kwalayen dabino. Aka miƙa ta ga hukumar EFCC, kotu ta same ta da laifi, aka mallaka wa gwamnatin tarayya kuɗin baki ɗaya. Ko ma na wane ne, wadda aka samu kayan a hannunta ita ce ta tsaya gaban alƙali.

A nan nake so mai karatu ya dakata, domin tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne saƙo. Alhajin da zai tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, guzurin da hukumar alhazai ta ba shi a 2024 dala 500 ne, ko kusa da iyaka bai je ba. Amma ka zauna a zauren gidan mai tafiya a makon ƙarshe ka ga masu sallama. Wannan ya zo da ambulan: “Kawu, don Allah ka miƙa wa yaron nan da ke karatu a Madina.” Waccan ta aiko: “Hajiya, ga wannan ki sayo mini ɗan kunne da awarwaro na auren Binta.” Mai shago a bakin kasuwa ya kawo nasa na sarin jallabiya da turare. Kowanne dala dubu ɗaya ne ko biyu, ba wanda ya ga ya kawo abin tsoro, mai tafiya kuma ba zai iya cewa a'a ba, don ba a mayar da ɗan'uwa da saƙonsa. Sai a tashi da dala 12,000 a jakar mutumin da nasa na kansa bai kai dubu ba. Kwastan ba ta raba kuɗi gida-gida. Abin da ke jikinka da kayanka shi take haɗawa, kai kuma za ta tambaya.

Saƙon dawowa ya fi haɗari. A masauki a Makka ko a filin jirgin Jidda wani zai matso da fara'a da Hausa mai daɗi, ya ce ga ɗan dabino da zamzam a taimaka a kai wa tsohuwarsa a Kano, za a zo a karɓa a filin jirgi. Kwalin a naɗe yake da salatif. Duk wanda ya karɓi ƙunshin da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ya ɗauki alhakin abin da ke ciki, kuɗi ne ko abin da ya fi kuɗi muni. Ba rashin mutunci ba ne ka ce, “Malam, buɗe mu gani tare.” Mai gaskiya zai buɗe.

Ita ma Saudiyya tana da nata teburin. An daɗe ana aiki da iyakar riyal 60,000 a can, kuma lissafinsu ya haɗa da zinariya da duwatsu masu daraja, abin da ya shafi matanmu masu tafiya da gwal su sayar ko su sayo. Dubai dirhami 60,000 ne, Amurka dala 10,000, ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000, Ingila fam 10,000. Masu zuwa Guwanzu sarin kaya su lura, a Sin abin da ya haura kwatankwacin dala 5,000 ake bayyanawa. Fom ɗin da ka cike a Kano bai wanke ka a Jidda ba, kowace ƙasa da nata.

Akwai kuma fuskar addini da ban cika jin ana tattaunawa ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, biya ya hau kansa. To mutumin da ya san akwai fom, ya ƙi cikewa don gudun ɓata lokaci, aka ƙwace kuɗin marayu ko na adashin mata da aka ba shi amana, me za a kira abin da ya yi? A ganina sakaci ne. Ya kamata malamai masu bita ga maniyyata su sa wannan a cikin darasinsu, kusa da bayanin ihrami da jifa.

Me ya sa duniya ta matsa a kan wannan? A 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki suka kafa hukumar FATF a taronsu na Faris, don toshe hanyoyin kuɗin miyagun ƙwayoyi. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 aka ƙara mata bin sawun kuɗin ta'addanci, a 2004 kuma ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan masu ɗaukar tsabar kuɗi su tsallaka iyaka. Dalilin mai sauƙi ne: kuɗin da ya bi ta banki yana barin sawu, wanda ya bi ta jaka ba ya bari. A Fabrairun 2023 hukumar ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025, kuma a tsakanin nan ne kame a filayen jiragenmu ya yawaita. Mutumin Faskari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya ga an sayar da gona da shanu an haɗa kuɗin fansa, an zuba a buhu an kai daji. Ya san kuɗin nan ba a daji suke kwana ba, suna fita su dawo a matsayin bindiga da harsashi da babura, kuma wani ɓangarensu ta kan iyaka yake bi. Dokar da ke tambayar mai buhun kuɗi ina ya samo su, mu ne ya kamata mu fi kowa son ta yi aiki.

Sai dai a iyakar ƙasa, irin ta Magama a Jibiya ko ta Kwangwalam a Mai'aduwa, lamarin ya fi na filin jirgi sarƙaƙiya. Layin da Turawan Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ya ratsa tsakiyar ƙasar Katsina ne, ya bar Maraɗi a can Katsina a nan, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Mutum yana iya tsallakawa sau biyu a mako bai taɓa jin ya je ƙasar waje ba. Dokar dala 10,000 kuwa ba ta ce sai jirgin sama ba, ta hau kan mai shiga motar Maraɗi kamar yadda ta hau kan mai zuwa Landan. Ga naira kuma Babban Bankin Najeriya yana da tasa ƙa'idar dabam kan fitar da ita. Da ka wuce Magama ka isa Ɗan Isa, sai duwan, wato kwastan na Nijar, da tasu dokar. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma tana nan cikin ƙasashe masu kashe sefa, kuma a 2017 babban bankinsu, BCEAO, ya sa iyakar bayyanawa a sefa miliyan 5. Bankin yakan sake duba adadin, saboda haka a tambaya a ofishin duwan kafin a wuce.

An rufe wannan iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris ɗin 2024. Kowace rufewa ta ƙara koya wa mutane ɓarauniyar hanya, ta ƙara wa 'yan babur masu ratsa daji kasuwa. Wanda ya bi ta nan da kuɗi ya kauce wa tebur, amma ya shiga inda idan an tare shi babu wanda zai kai wa ƙara, kuma idan jami'an sintiri ne suka kama shi, ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna. Manyan 'yan kasuwa da yawa sun daina ɗaukar kuɗi gaba ɗaya. Suna ba ɗan canji naira a Katsina ko Jibiya, su karɓi sefa a hannun abokin hulɗarsa a Maraɗi. Hanyar tana rage haɗarin fashi, amma amana ce zalla, ranar da ta karye babu rasit.

Ba zan ɗora wa ɗan kasuwa nauyin duka ba. Direbobi da fatake sun daɗe suna kuka da yawan shingaye tsakanin Katsina da Jibiya, da na goro da ake karɓa a kowanne. Mutumin da aka tatsa sau goma kafin ya iso iyaka, da wane ƙarfin zuciya zai ce wa mai kaki na goma sha ɗaya yana ɗauke da miliyan ashirin? Tambayar da ke ransa ita ce wa zai ji, kuma wa zai buga waya gaba. Idan gwamnati tana son a bayyana, sai ta sa bayyanawa ta zama abin da ba ya jawo wa mutum bala'i. A ware ɗaki a kowace iyaka inda za a ƙirga kuɗi ba a idon 'yan kamasho da masu tallar ruwa ba. A kafa allo babba da Hausar boko da ajami mai faɗin adadin da kuma cewa ba a biyan ko sisi. A riƙa sanarwa a rediyo kafin jigilar alhazai da kafin babbar salla, lokacin da ake tururuwar sarin raguna. Jami'in da aka samu ya fitar da sirrin fom kuma a hukunta shi a bainar jama'a, domin a yankinmu fitar da irin wannan sirri yana iya zama sanadin ran mutum.

Shi kuma mai tafiya, abin da zai tsaya masa idan an tambayi asalin kuɗi shi ne takarda, kuma a nan cinikinmu yake da rauni. A kara ana sallama dabbar miliyoyi da musafaha da shaidar dillali, ba a rubuta komai. Wanda ya san zai tsallaka iyaka ya nemi shugabannin kara su rubuta masa shaidar ciniki da kwanan wata da hatimi, ya adana rasit ɗin harajin dabbobi na ƙaramar hukuma. In da hali ya zuba kuɗin a banki ko da na kwana biyu ne, ya karɓi takardar bayanin asusu, tun da ita wannan doka ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hannun banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Dala a saye ta wurin mai lasisi, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai tafiya. Idan akwai saƙon mutane, a rubuta sunan kowa da adadinsa a takarda guda, a haɗa jimla tun a gida, a ƙirga har da canjin da ke aljihu, domin adadin da aka rubuta a fom dole ya yi daidai da wanda za a ƙirga.

A filin jirgi ko a Magama, kada a jira sai an tambaya. A nemi teburin kwastan kafin a shiga layin bincike, a ce ana son fom ɗin bayyana kuɗi. Wanda bai iya boko ba ya sa a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala. A karɓi kwafi mai hatimi a ajiye shi tare da fasfo, ba cikin jakar da kuɗin suke ba. Za a bukace shi a dawowa: wanda ya fita da dala 20,000, kasuwa ba ta yi ba ya dawo da 13,000, sai ya sake bayyanawa a shigowa, kuma kwafin nan na fita shi ne zai nuna cewa kuɗinsa ne ya dawo da su.